Sakatar Taga a Bayan Jitar Surukina

Bari in tona asirin kaina tun kafin tsohuwata, wato matata, ta riga ni. Ni na lalata jitar surukina. Da hannuna, da rana tsaka, ba wanda ya aike ni, kuma a lokacin gani nake lada nake tarawa. Na kai shekarun da ake kawo mini ƙarar yara in raba su, amma a ranar ni ya kamata a kai ƙara.

Sana'ata sassaƙa. Ƙota, turmi, akushi, da zamani ya juya kuma na koyi rataya ƙofa da taga. Boko aji biyu na yi, shi ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Asalin garinmu yana ƙarƙashin ruwan Tiga, ina saurayi aka taso mu muka zauna nan ƙasar Bebeji, inda na tsufa.

'Yar autata tana aure a unguwar gaba da mu. Mijinta mutumin kirki ne, mai lambun tumatir da albasa, sai dai Allah ya ɗora masa son kiɗa. Ya samo wata jitar lantarki ta gwanjo daga Kano, ya koya a waya, har ya kai ana kiransa biki shi da abokansa biyu, mai fiyano da mai kalangu. Tsakanina da shi sai gaisuwa. In ya hango ni zai tuɓe takalmi ya tsuguna, ni kuma in samu wata bishiya in kalla ina amsawa. Shekara huɗu da auren ban san kalar ƙwayar idonsa ba. Don in rage masa ciwon gwiwa, ba na leƙa gidan sai na tabbata ya tafi lambu.

Ranar da abin ya faru, tagar ɗakinsu ce ta saki, auta ta aiko in zo in duba. Na gama aikina lafiya lau. Da na tattara kayana na fita, da yanzu ba ni da labari. Amma auta tana tsakar gida tana daka, jita kuma tana kwance a kan gado tana ƙyalli, ni da ita kaɗai.

Na taɓa yin garaya da ƙuruciya. A garaya, ɗan itacen da tsirkiya ke hawa kansa jaki muke ce masa, kuma dokarsa ɗaya ce, kada ya motsa. To jakin wannan jita na ƙarfe ne, da wata 'yar sanda a jikinsa kamar hannun birkin keke. Na danna sandar, sai jakin ya sunkuya. Na ja ta sama, ya yi baya. Na ce a raina, kai, mutanen birni sun cuci bawan Allah, sun sayar masa da kaya mai rawa.

Na kifa ta. A bayanta akwai rami, murfinsa ya ɓace tun a gwanjo. Ciki ga sifirin uku sun kama wani dunƙulen ƙarfe da ya sauko daga jakin, ɗaya ƙarshensu kuma yana maƙale da wasu dogayen sukurori biyu da ko rabi ba su shige itace ba. Na ce yauwa, ga ɓarawon. Na zaro sukundireba na ɗaure su tamau, sai da wuyan hannuna ya yi tsami. Jakin ya kwanta baya ya ƙame. Na mayar da ita yadda na same ta, na shafe shaidar yatsuna da hannun riga, na fito ina tafiyar wanda ya gina masallaci. Ban gaya wa kowa ba, saboda na ji malamai na cewa alherin ɓoye ya fi lada.

Ashe da la'asar ɗin nan surukina da abokansa suna da biki a Kiru. Ya dawo daga lambu a gurguje, ya watsa ruwa, ya zura jita a jaka, ya hau acaɓa. Sauran labarin a bakin auta na ji, don tana cikin matan da suka je. Ta ce da ya taɓa ta ya ji saitin ya gudu. Ya gyara tsirkiya ɗaya, biyar suka zame. Ya bi biyar ɗin, ta farko ta sake tafiya. Ga jama'a sun cika fili, ga ango yana duba agogo. Ya yi ta maza ya fara hakanan. A tsakiyar waƙar amarya siririyar tsirkiya ta tsinke, sauran biyar suka haye sama gaba ɗaya suna ƙara ta cikin sifika kamar an taka wutsiyar mage. Wani shaƙiyyi a cikin samari ya ɗaga murya ya ce, "A ba ta nono mana!" Fili ya kece da dariya. Mai fiyano ne ya ƙarasa bikin.

Ya dawo gida ya tura jitar ƙarƙashin gado. Ya ce wa auta Allah ya nuna masa ba hanyarsa ba ce, ya bar kiɗa. Akwai abokinsa na ƙuruciya a Tudun Wada da za a yi bikinsa bayan sati uku, ya riga ya yi masa alkawari, sai ya aika masa da ban haƙuri.

Kwana uku ina juya tuwo a kwano. A na huɗu tsohuwata ta zauna kusa da ni tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, ranar da ka je gyaran taga, tagar kaɗai ka gyara?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Irin wadda aka san amsarta. Wannan fuskar na sani. Ita ka yi lokacin da ka gyara mini keken ɗinki ya koma ɗinki da baya."

"Ke, rawa na ga tana yi."

"To ai ga shi ka hana ta. Ka hana mai ita ma. Gyaran gangar Abzinawa!"

Na ce ta rufa mini asiri. Ta ce ita ba ta da bakin da za ta kai wannan magana gidan suruki, ni ma ba ni da shi, saboda haka in san yadda zan yi.

Abin da ya hana ni sukuni bai tsaya a kunya ba. A tsohon garinmu, wata kalankuwa da yamma, ina ɗan shekara sha bakwai, na fito da garayata gaban 'yan mata, tsirkiya ta tsinke ta mare ni a hanci. Wata mai wushirya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Na rataye garayar a bayan rumbu na ce sai gobe. Goben nan ba ta zo ba. Da ruwa ya taso muka kwashe kaya, ban ma tuna da ita ba sai da muka yi nisa. Yanzu ƙila tarwaɗa ce ke kwana a cikinta. Na san aikin da dariya ɗaya take yi wa mutum, ga shi ni na jawo wa wani irinta.

Na kira auta na ce ta kawo mini jitar in duba.

Ta ce, "Baba, kai da jita? Turmi ce?"

"Jikinta itace ne ko ba itace ba?"

"Itace ne."

"To itace duk ɗan gidana ne. Je ki kawo."

Ta kawo ta a naɗe cikin zane kamar jaririya. Allah ya taimake ni, tsatsa ta bar zobe a jikin sukurorin nan daidai inda suke kafin in taɓa su, sai na warware su zuwa nan. Daga nan na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na zauna na kalla. In sassauta tsirkiya ɗaya, in ga jakin ya yi baya. In ɗaure ta, in ga ya dawo. Tsirkiyoyi na ja ta gaba, sifirin na ja ta baya, shi kuma jakin yana tsaye a tsakani, ba abin da ya riƙe shi sai wannan ja-in-ja. Tsohuwa ta leƙo rumfata ta tsaya ta ga na yi sau biyu.

Ta ce, "Ai mangala ce. Ka rage kaya a gefe ɗaya, ɗayan ya rinjaya."

Yini biyu na yi ban gane ba, ita ta gane tana riƙe da ludayi. Ashe rawar da na gani ba cuta ba ce, haka maƙerinta ya so. Amma kuma ashe ko ban taɓa ta ba, duk ranar da tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran sai sun gudu. Wannan ya ɗan rage mini nauyi, kamar a ce wa ɓarawon akuya dama akuyar ba ta da lafiya.

Auta ta binciko a wayarta ta nuna mini wani Bature yana magana. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma hannu ba shi da yare. Na ga yana saka wani ɗan ƙarfe a ramin baya, yana tokare dunƙulen da shi. Na zana shi a bayan kwalin ashana na shiga kasuwar Kiru. Mai kayan babur ya ce na injin ban ruwa ne. Mai kayan injin ban ruwa ya juya kwalin sama da ƙasa ya ce, "Baba, wannan ƙadangare ka zana?" Na karɓi kwalina na dawo.

Na koma ga abin da na sani. Na sassaƙa 'yan guntayen itacen ƙirya biyu, na cusa ɗaya a gaban dunƙulen ɗaya a bayansa, suka kama shi kamar haƙori. Jaki ya tsaya ƙyam. Na ba auta ta mayar. Washegari ta dawo da ita.

"Ya ce a gode wa Baba, Allah ya ƙara girma. Ya ce saiti ya zauna, bai taɓa zama haka ba."

"To madalla."

"Amma kukan ya mutu."

Sai a nan ta fahimtar da ni. 'Yar sandar nan da na raina, da ita yake sa jitar ta yi wani kuka mai lanƙwasa kamar goge, kuma wannan kukan ne mata ke yi wa guɗa, saboda shi ake kiransa. Na toshe shi da ƙirya. Karo na biyu kenan na ɗaure abin da ba a ce in ɗaure ba. Sai dai na kama wani abu a maganarta. Mutumin da ya rantse ya bar kiɗa ya ɗauki jita ya sa mata sabuwar tsirkiya ya saita ta, har ya nemi kukanta. Na ce to, wutar ba ta mutu ba, toka ce a kai.

Kwana goma suka rage bikin Tudun Wada. Wata safiya ina buɗe tagar shagona, na tura ta, na jawo ta, ta dawo ta bugi katakonta ta tsaya inda take tsayawa kullum. Na sake turawa. Na tsaya ina buɗewa ina rufewa har maƙwabcina ya tambaya ko lafiya. Taga ma ai motsi take, amma tana da wurin komawa. Jakin nan ba ɗauri yake so ba, abin jingina yake so ta gefe ɗaya, gefen da sifirin ke jan sa in tsirkiya ta tsinke.

Na cire wata 'yar ƙaramar sakata daga wata tsohuwar taga, na rage ta da zarto har ta shige tsakanin sifirin biyu. Na ɗaura ta a ƙasan ramin da gajerun sukurori, ina addu'a kada su ɓulla ta fuska. In an tura sakatar, bakinta ya taɓa dunƙulen, ba zai ƙara matsawa ta nan ba. Danna sanda ƙasa kuwa yana nan, jaki ya sunkuya ya yi kukansa ya dawo ya jingina. In mai ita yana son rawar gaba da baya irin ta da, ya zare sakatar. Na manna ɗan guntun fata a bakinta don kada ta riƙa ƙwanƙwasa.

Saura abu ɗaya da ya fi ƙarfina. Dole sai tsirkiyoyi shida suna kan saitinsu sannan a san daidai inda bakin sakatar zai tsaya, ni kuwa kunnena na tsirkiya biyu ne. Dole mai ita ya riƙa saitawa ina juya sukuru, a tabarma ɗaya. Tsohuwa ta ce, "Oho, yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba." Na ce ta shiga ɗaki.

Ya zo da hantsi, ya bar takalminsa tun daga bakin hanya. Muka gaisa ina kallon mangwaro yana kallon ƙasa. Auta ta zauna a tsakaninmu, jita a kan tabarma, 'yar sifika mai batir a gefe.

Na ce, "Auta, a ce a saita ta sama."

Ta juya ta ce, "Wai ka saita ta sama."

Ya saita, ya ce, "A ce wa Baba jakin ya ɗan ɗaga."

"Baba, wai ya ɗaga."

"Na ji, ba kurma ba ne ni. A ce a riƙe ta sosai, zan ƙara rabin juyi."

"Ni fa na gaji. Kamu ɗaya ne tsakaninku, kuna aika ni kamar Kano da Doguwa."

Ta tashi ta tafi wurin uwarta, muna jiyo su suna ƙyaƙyata dariya a madafa. Muka rasa tafinta, sai muka koma yi wa jitar magana. Ni in ce, "Ke kuma sauko kaɗan mana." Shi ya ce, "Ta sauko, amma ta uku tana so a jira ta." Haka muka yi har rana ta take, hannuna da nasa suna karo a cikin ramin nan, kowa na yi kamar bai ji ba. Daga ƙarshe bakin sakata ya zauna a jikin dunƙule, na ƙara wa sifirin ɗan juyi don ya jingina sosai. Ya danna sanda, jitar ta yi kukanta mai lanƙwasa, ta dawo daidai. Ya sake, ta sake dawowa. Na saci kallonsa na ga gefen bakinsa ya motsa.

Amma ya ce, yana kallon tabarma, "Ta yi kyau ƙwarai. Sai dai ranar Kiru ma lafiya ta fara, sai da tsirkiya ta tsinke."

Ba lafiya ta fara ba, ni da shi duk mun sani, kara ce ya yi. Na gane tsoron na nan, kuma ba a cire irinsa da baki. Auta ta riga ta gaya mini yana da siririyar tsirkiya sabuwa a jaka, ba hauka nake gaba ɗaya ba. Na ce wa jitar, "A ci gaba da kaɗa ki." Ya fara waƙar amaryar nan. Na lallaɓa hannu na ɗauki filaya, na kai bakinta, na datse siririyar.

Ta yi tsiw ta nannaɗe. Ya ce, "Innalillahi!" ya ɗago ya dube ni tsakiyar ido. Ashe idanunsa irin na uwarsa ne, masu ruwan zuma. Na nuna masa jitar da haɓa. Ya sauke yatsu a kan biyar da suka rage, a hankali, kamar mai taɓa tukunyar da bai san ko ta huce ba. Suna nan inda ya bar su. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa su, ya ƙarasa waƙar da biyar. Daga madafa tsohuwata ta rangaɗa guɗa, ita da ta ce kiɗan zamani hayaniya ne.

Da yammar nan ya aika Tudun Wada cewa yana zuwa.

Suruki ba ya zuwa kallon surukinsa yana kiɗa, kowa ya san wannan. Ni dai ranar bikin ta zo daidai da ranar da nake bukatar itacen ƙota, irin wanda ake kawowa daga wajen Doguwa, kuma a Tudun Wada ake samun mai kyau. Tsohuwa ta ce, "Ƙotocin da ke jibge a shago fa?" Na ce waɗannan ba su bushe ba. Ta ce in gaishe da mai itacen, in kuma zauna inda inuwa take.

Na sami benci a bayan katangar filin, gindin wata darbejiya, wurin mai rake. Bayan la'asar aka tayar da janareta. Fiyano ya fara, kalangu ya shiga, sannan na ji ta. Da farko a ɗarare yake taɓa ta. A waƙa ta biyu ya saki hannu, ya danna sandar nan, kukan ya tsallako katanga, guɗa ta biyo shi. Mai rake ya ce, "Kai, wannan daga Kano aka ɗauko shi?" Na ce ban san shi ba, ni baƙo ne, amma da ganin yadda jitar ke riƙe saiti ta sha hannun gwani.

Ina zaune ina jiran tsirkiya ta tsinke, har da ɗan fata a raina, Allah ya yafe mini, don jama'a su ga aikin sakatata. Ba ta tsinke ba. Har aka tashi kafin magariba shida ɗin nan suna nan. Sakatar ba ta yi aikin komai ba a ranar sai zama a cikin duhun rami. Na dawo gida ba itace, da rake guda biyu. Tsohuwa ta karɓa ta ce wannan ƙotar za ta yi daɗin riƙewa.

Yanzu ana kiransa har Burumburum. Wani mai jita daga can ya aiko tambaya ko ina da irin sakatar, na ce sai na ga jitar da idona, kuma sai mai ita yana wurin. Na yi hankali, ko da yake a makare.

Maganar sukurori biyun nan kuwa ban taɓa yin ta da kowa ba bayan tsohuwata. Na ɗauka ta wuce. Kwana biyu bayan bikin muka yi kiciɓis da shi a hanyar lambu, yana ɗauke da kwandon tumatir. Ya sauke, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna. Na nemi bishiya, babu ko ɗaya kusa, sai na kalli wani jaki da ke kiwo. Muka gaisa, ya ce tumatirin na gida ne, a kai wa Inna. Na sa albarka na ɗaga ƙafa zan wuce. Sai ya ƙara sunkuyar da kai, murya ƙasa ƙasa, yana wasa da ƙasa da ɗan yatsa.

"Baba, in za a sake duba ta, ƙofa a buɗe take. Ba sai an jira na tafi lambu ba."